Hefarin: Allurar hana gudajin jini da ke ce wa jijiya ta tsiro ko ta tsaya

A ɗakunan wankin ƙoda na manyan asibitocin ƙasar nan, daga Asibitin Ƙasa da ke Abuja zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai wata 'yar kwalba mai ruwa garai-garai da ake buɗewa kusan duk lokacin da za a ɗora majinyaci a kan na'ura. Sunan abin da ke cikinta hefarin. Da shi ake hana jini daskarewa a cikin robobi da matatar na'urar tsawon sa'o'i huɗun da wankin ke ɗauka. Shi ake yi wa wanda aka yi wa babbar tiyata, da mai juna-biyun da jini ya yi wa guda a ƙafa, da wanda bugun zuciya ya kwantar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin magungunan da bai kamata asibiti ya rasa ba.

Tambayi kowace ma'aikaciyar jinya aikinsa, za ta ce maka maganin tsinka jini ne. Haka kowa ke kiransa, ko da yake jinin ba ya tsinkewa irin na kunun da aka ƙara wa ruwa. Hana shi yin sabon guda kawai ake yi, gudan da ya riga ya samu kuwa jiki ne ke narkar da shi a hankali. To amma kusan shekara hamsin ke nan masu bincike na bibiyar wani aiki na biyu da maganin ke yi, wanda takardar cikin kwalinsa ba ta ambata. Hefarin yana taɓa ƙwayoyin halittar da aka gina bangon jijiyar jini da su. Wasu ya hana su hayayyafa, wasu ya ingiza su, wani lokaci ma a jijiya guda. Wannan aiki na biyu ya taimaka wajen gano manyan magungunan kansa da na ido, ya kuma sha bai wa likitoci kunya a lokutan da suka yi yunƙurin mayar da shi magani kai-tsaye.

Carbin da babu biyu iri ɗaya

A shekarar 1916 ne wani ɗalibin likitanci, Jay McLean, da ke aiki a ƙarƙashin Farfesa William Howell a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya ci karo da sinadari mai hana jini daskarewa a hantar kare, alhali mai sa jinin daskarewa aka sa shi nema. Daga kalmar Girkanci mai nufin hanta aka ciro sunan. Sai a tsakiyar shekarun 1930 masana a Toronto ta Kanada da Stockholm ta Suwidin suka iya tace shi har ya kai a ɗura wa ɗan Adam. A yau daga tantanin cikin hanjin alade ake samar da mafi yawansa.

A siffa, hefarin doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukari, kamar carbi. Sai dai abin da ke cikin kwalba ɗaya tarin carbuna ne, wani gajere wani dogo, kowanne da irin jerinsa. A jikin 'ya'yan carbin an lilliƙa sinadarin salfet, wanda ke ba su cajin lantarki irin wanda masu gyaran batir ke kira nagetif, kuma babu wani sinadari da aka sani a jikin mai rai da ya kai hefarin cunkoson wannan caji. Shi ya sa yake manne wa duk furotin ɗin da ke da ɓangare mai cajin fozetif, irin waɗannan furotin kuwa sun kai ɗaruruwa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne antitirombin, ɗan sandan da jiki ya ajiye domin kame sinadaran da ke daskarar da jini. Shi kaɗai nawa gare shi. Amma idan wani jeri na musamman mai 'ya'yan carbi biyar ya kama shi, saurin aikinsa kan ninka kusan sau dubu. Dukkan ƙarfin hefarin na hana guda daga wannan jeri yake, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku ne kacal na sarƙoƙin da ke cikin kwalba ke ɗauke da shi. Sauran kashi biyun ma cikin jijiyar majinyaci suke shiga, ba kuma zaman banza suke yi a can ba.

Dalili shi ne jiki ya san wannan sarƙa tun asali. Kusan kowace ƙwayar halitta tana sanye da wani ɗan uwan hefarin, hefaran salfet, wanda ya rufe bayanta kamar gashi. A cikin jijiya, wannan gashi ne ke riƙe da furotin iri-iri a inda ake buƙatarsu. Idan aka yi allurar hefarin, sai ya yi gogayya da gashin, ya fizge abin da yake riƙe da shi. Tun a 1943 wani mai bincike, Paul Hahn, ya lura cewa jinin karen da ya yi fari-fari da maiƙo bayan cin abinci yakan washe cikin mintuna idan aka ba shi hefarin. Daga baya aka gane cewa maganin ya kakkaɓo sinadarin narkar da maiƙo ne daga jikin bangon jijiya ya watsa shi cikin jini.

Daɓe da bango

A cikin jijiya, inda jini ke gogawa, akwai shimfiɗa mai kaurin ƙwaya ɗaya tak, sumul kamar daɓen ɗaki. Likitoci na kiranta endoteliyom, a nan mu kira ƙwayoyinta ƙwayoyin daɓe. Bayan daɓen akwai bango na ƙwayoyin tsoka da suka yi wa jijiyar ɗamara, su ne ke matsewa da sakewa domin daidaita ƙarfin gudun jini. A jikin mai lafiya waɗannan ƙwayoyin tsoka a natse suke, da wuya su rabu biyu. Amma da zarar daɓen ya ɗaye, ko saboda kitse da hawan jini da ciwon suga, ko saboda kayan aikin likita, sai su farka. Su bar gurbinsu, su kutso ta wajen hanyar jini, su yi ta hayayyafa suna tara tabo har hanyar ta ƙuntace.

Abubuwa biyu sun faru a 1977 da suka haɗa hefarin da wannan matsala. A watan Satumba, a birnin Zurich na Suwizalan, Dokta Andreas Gruentzig ya zura siririn bututu mai balan-balan a kai cikin jijiyar zuciyar wani majinyaci, ya hura, ya buɗe inda ya toshe ba tare da an tsaga ƙirji ba. Dabarar ta bazu a duniya, amma ta zo da nata cikas: balan-balan ɗin yana goge daɓe, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku jijiyarsa kan sake ƙuntacewa cikin wata shida. A shekarar dai, a Jami'ar Harvard, wani matashin likitan tiyata, Alexander Clowes, da malaminsa Morris Karnovsky, haifaffen Johannesburg ta Afirka ta Kudu, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan ɓeraye. Sun ɗaye daɓen jijiyar wuyan ɓerayen, suka riƙa ɗura wa wasu hefarin ba yankewa. Bayan mako biyu, jijiyoyin waɗanda ba a ba su maganin ba sun yi kauri da tabo, na waɗanda aka ba kuwa kaurin ya ragu ƙwarai.

Fassarar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce an hana jini guda a kan raunin, shi ya sa tabon bai taru ba. Gwajin 1980 ya rushe wannan fassara. Tare da Robert Rosenberg, masanin da ya warware yadda hefarin ke kama antitirombin, suka tsame sarƙoƙin da ba su da jerin nan na 'ya'ya biyar, wato hefarin da ba ya hana jini daskarewa, suka bai wa ɓerayen. Shi ma ya hana ƙwayoyin tsoka hayayyafa. Shekara guda bayan haka John Castellot, a ɗakin gwajin Karnovsky, ya nuna cewa ƙwayoyin daɓe da kansu suna fitar da wani sinadari mai kama da hefarin da ke kwantar da ƙwayoyin tsokar da ke bayansu. Ashe lafiyayyen daɓe kullum cikin tsawata wa bango yake, allurar kuwa aron muryarsa ta yi.

Yadda tsawar ke isa cikin ƙwaya ba zai yi wa ma'aikacin gwamnati wuyar ganewa ba. Ƙwaya ba ta rabuwa biyu sai da umarni. Umarnin yana zuwa ne a siffar furotin mai kiran tsiro, irin PDGF da ƙwayoyin toshe rauni ke zubarwa a inda aka ji ciwo. Furotin ɗin ba ya shiga ciki, a bakin ƙofa yake tsayawa ya miƙa saƙo ga makarɓa, wato wani furotin da ya ratsa fatar ƙwayar. Daga nan saƙon ya riƙa tafiya kamar fayil, daga tebur zuwa tebur, kowane tebur ya buga wa na gaba hatimin sinadarin fosfet. Ɗaya daga cikin teburan ƙarshe kafin cibiyar ƙwaya shi ne ERK, kuma sai fayil ya wuce shi ake buɗe umarnan gado irin su c-fos da c-myc, masu fara shirin rabuwa. Binciken shekarun 1980 da 1990 ya nuna cewa a gaban hefarin hatimin ERK yana raguwa, waɗancan umarnai ba sa buɗewa sosai, ƙwayar ta maƙale a matakin share fage tun kafin ta fara kwafin kundin gadonta. Ba ta mutu ba, fayil ɗinta ne aka ajiye.

An daɗe ana neman ƙofar da hefarin ke ƙwanƙwasawa. A 2016 ɗakin gwajin Linda Lowe-Krentz a Jami'ar Lehigh ta jihar Pennsylvania ya ba da rahoton cewa wani furotin mai suna TMEM184A shi ne makarɓar. Da suka rage shi a ƙwayoyin tsoka, sai ƙwayoyin suka daina jin hefarin. Sun kuma nuna cewa maganin yana sa ƙwaya ta ƙera DUSP1, sinadarin da aikinsa goge hatimin fosfet, kuma ta wannan hanya yana sassauta firgitar da ƙwayoyin daɓe ke yi idan sinadarin kumburi na TNF ya taɓa su. A jikin kifin zebra, ɗan ƙaramin kifin da jelarsa ke sake tsirowa idan an yanke, rage wannan furotin ya sa sababbin jijiyoyin jelar suka fito a hargitse. Mafi yawan wannan aiki daga ɗaki guda ya fito, don haka a ɗauke shi a matsayin kyakkyawar alama, kafin wasu ɗakunan su tabbatar.

Dillalin kasuwar tsiro

Abin da ya rikita lissafi shi ne ƙwayoyin daɓe akasin haka suke yi. Tun 1973 aka koyi renon ƙwayoyin daɓen ɗan Adam a faranti, ana ɗebo su daga jijiyar igiyar cibiyar jarirai, amma ba sa daɗewa suke tsufa. A 1983 masu bincike a Cibiyar Wistar ta Philadelphia suka ƙara hefarin cikin ruwan renon, tare da furotin mai kiran tsiro. Ƙwayoyin suka ƙara saurin rabuwa, suka rayu ninkin-ba-ninkin. Har gobe, ɗakunan gwaji masu renon waɗannan ƙwayoyi da hefarin suke haɗa ruwansu.

A Boston kuwa, Judah Folkman yana fama da wata tambaya tun 1971. Ya yi iƙirarin cewa ƙarin kansa ba ya wuce girman ƙwayar gero ko dawa sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyi, don haka dole akwai sinadarin da yake kiransu da shi. Shekaru aka yi ana neman sinadarin ana kasa tace shi, domin ɗan mitsitsi ne cikin tarkacen dubban furotin. A 1984 Yuen Shing da Michael Klagsbrun, abokan aikinsa, suka liƙa hefarin a jikin ƙananan duwatsu, suka cika bututu da su, suka kwarara ruwan ƙarin ɓera ta ciki. Kusan komai ya wuce, abu kaɗan ya manne, kuma bai saki ba sai da aka bi shi da ruwan gishiri mai kaurin da ya ninka na jini kusan sau goma. Abin da ya manne shi ne FGF. Da irin wannan rariya Napoleone Ferrara na kamfanin Genentech ya tace VEGF a 1989, babban mai kiran tsiron jijiyoyi. Maganin Avastin da ke toshe VEGF ya samu amincewa a Amurka a 2004 domin kansar hanji, kuma likitocin ido a ƙasashe da dama, har da Najeriya, suna yin allurarsa a idon masu ciwon suga da jijiyoyi marasa ƙwari suka tsiro musu a bayan ido suna yoyo.

Me ya sa waɗannan furotin ke son hefarin haka? Amsar ta zo a 1991, daga ɗakunan gwaji biyu da ba tare suke aiki ba. Sun nuna cewa ƙwayar da aka aske mata gashin hefaran salfet ba ta jin kiran FGF, ko da makarɓarta na nan lafiya lau. Idan aka ɗiga hefarin kaɗan sai jin ya dawo. Hotunan tsarin sinadaran da aka samu a 2000 sun nuna dalili: saƙo ba ya shiga sai makarɓa biyu sun matso kusa da juna, sarƙar sukarin ce kuma ke ɗaure FGF da makarɓar wuri guda har hakan ta faru. Aikinta aikin dillali ne a kasuwar shanu, wanda ke kama hannun mai saye da na mai sayarwa ya haɗa, ya riƙe har ciniki ya faɗa.

Daga wannan misali sauran ruɗanin ke warwarewa. Dillali ɗaya ko biyu ciniki suke kawowa. Idan suka cika kasuwa, wannan ya ja mai saye gabas, wancan ya ja mai sayarwa yamma, sai a tashi ba a sayar da komai ba. Haka hefarin kaɗan kan ƙarfafa saƙon tsiro, mai yawa kuma ya kwashe furotin ɗin ya hana shi isa ƙofa. Tsawon sarƙa ma haka: gajeriya tana iya kama hannu ɗaya ta kasa kaiwa ga ɗayan, ta zama mai hana ciniki. Shi ya sa gutsattsarin hefarin suka fi karkata ga hana tsiron jijiya a gwaje-gwaje, dogayen kuma suka fi taimaka masa. Akwai kuma batun ajiya. Hefarin na kare FGF daga lalacewa da zafi ko tsami, shi kuwa hefaran salfet ɗin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙwayoyi rumbu ne da ake tara waɗannan furotin a ciki har ranar buƙata. Ƙwayoyin kansa da dama suna fitar da sinadarin hefaranes, mai yanka sarƙar ya fasa rumbun.

VEGF kansa iri-iri ne. Mai lamba 121 ba ya kama sarƙar, yawo yake yi. Mai lamba 165 yana kamawa daidai-wa-daida, mai lamba 189 kuwa manne yake yi ƙam. Da wannan bambanci jiki ke shata wa sabuwar jijiya hanya, saƙon ya yi kauri kusa da inda ake buƙatarta ya yi sirara can nesa, kan jijiyar ya bi sawun kaurin. Ɓerayen da aka ƙera da nau'in yawo kaɗai, jijiyoyinsu kan fito da faɗi amma da ƙarancin rassa, kuma ba sa daɗewa bayan haihuwa.

Daga ɓera zuwa gadon asibiti

Da irin wannan ilimi, kowa ya ɗauka an kusa. Hefarin na da araha, likitoci sun saba da shi, ga shi ya hana tabo a jijiyar ɓera. A shekarun 1990 aka gwada shi a kan majinyatan da aka buɗe wa jijiyar zuciya da balan-balan. A wani gwaji da aka wallafa a 1994, an yi wa ɗaruruwan majinyata allurar enozafarin, wato hefarin mai gajerun sarƙoƙi, kullum har tsawon wata guda. Jijiyoyinsu suka sake ƙuntacewa daidai da na waɗanda ba a yi wa ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya da wasu nau'o'in ma haka suka ƙare.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Adadin da ake ɗura wa ɓera, idan aka auna da nauyin jiki, ya fi abin da mutum zai ɗauka bai zubar da jini ba. Jijiyar ɓeran kuma lafiyayya ce aka ji wa ciwo jiya, ta ɗan shekara sittin kuwa ta shekara talatin tana tara kitse da kumburi. An kuma gano cewa wani kaso babba na ƙuntatar a jikin mutum daga tsukewar bangon gaba ɗaya yake, abin da hana hayayyafa ba zai magance ba. Daga bisani ta wata hanya aka shawo kan matsalar: 'yar ragar ƙarfe da ake bari cikin jijiya ta tokare bango, wadda aka shafe da sirolimus, maganin da aka samo daga ƙwayar bakteriya ta ƙasar tsibirin Rapa Nui. Amurka ta amince da ita a 2003. Ma'aikacin da ya je Indiya ko Masar aka sanya masa ƙarfe a zuciya, galibi irin wannan raga mai magani ce a ƙirjinsa. Tunanin Clowes ne ya yi nasara, wato a tsawata wa ƙwayoyin tsoka a daidai wurin raunin, amma da bakin wani maganin.

Labarin kansa ma bai bambanta ba. A 1983 Folkman ya ba da rahoton cewa hefarin haɗe da kotizon ya hana tsiron jijiya har ƙari ya motse a jikin ɓeraye. Wasu ɗakunan suka kasa samun irin sakamakon, aka lura cewa hefarin wani kamfani na yi, na wani ba ya yi. Shekaru bayan haka, ƙananan gwaje-gwaje suka nuna kamar masu kansa da ke shan allurar sun fi daɗewa. Babban gwajin Birtaniya da aka wallafa a 2016, mai majinyatan kansar huhu fiye da 2,000, ya nuna gudajin jini ya ragu amma kwana bai ƙaru ba.

Wanda wannan gazawa ta fi shafa a nan gida shi ne mai wankin ƙoda. Hanya mafi inganci ta ɗora shi a na'ura ita ce likitan tiyata ya haɗe jijiya mai bugu da jijiya mai komowa a hannunsa, ta kumbura ta yi ƙwarin da za ta jure huda sau biyu ko uku a mako. Babban abin da ke kashe wannan mahaɗa shi ne tabon nan na ƙwayoyin tsoka, wanda ke taruwa a gefen jijiya mai komowa. Majinyacin yana samun hefarin a kowane zama, amma cikin 'yan sa'o'i jiki ya share shi, tabon kuwa dare da rana yake ginuwa. Idan mahaɗar ta toshe sai a koma ga bututun wuya ko na cinya, mai saurin kwaso cuta, sai kuma sabon kuɗin tiyata a kan iyalin da wankin ya riga ya tatse.

Sikila da zazzaɓin cizon sauro ma sun shigo cikin lissafin, kuma nan ne Najeriya ta fi kowa ruwa da tsaki, kasancewar ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar duk shekara. Ciwon da ke tayar wa mai sikila ba daga lanƙwasar ƙwayar jini kaɗai yake ba. Daɓen da ya fusata yana fito da wani ƙugiya mai suna P-selektin, wanda ke kama ƙwayoyin jini ja da fari su cunkushe hanya. Hefarin yana toshe bakin wannan ƙugiya, kamar yadda yake warware dunƙulen ƙwayoyin jinin da ƙwayar maleriya ta shiga. An taɓa gwada shi a kan zazzaɓi mai tsanani shekaru da dama da suka wuce, aka bari saboda zubar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi amfani da shi don haka ba. Masana a Suwidin suka ƙera sebufarin, hefarin da aka cire wa jerin nan mai kama antitirombin, domin a samu toshe ƙugiyar ba tare da zubar jini ba. Sakamakon gwajinsa a kan masu sikila da ciwo ya kwantar ya fito a 2019: bai gajarta ciwon ba.

Son manne-manne na hefarin yana da nasa haɗarin a asibiti. A jikin wasu majinyata yakan kama wani furotin na ƙwayoyin toshe rauni, garkuwar jiki ta ɗauki haɗin a matsayin baƙo ta kai masa hari. Tsakanin kwana biyar zuwa goma da fara allura sai adadin ƙwayoyin ya faɗi, kuma maimakon zubar jini, gudaji ne ke barkewa. Wannan ne ya sa ake son a riƙa ƙirga ƙwayoyin a jinin duk wanda ya kwana biyu a kan maganin.

Abin da yunit ba ya aunawa

Ga jami'in da ke duba takardun sayen magunguna a ma'aikata, ko mai tantance su a NAFDAC, hefarin yunit ne: kwalba kaza, yunit dubu kaza, naira kaza. Yunit ɗin kuwa abu ɗaya yake aunawa, ƙarfin hana jini daskarewa. Bai ce komai ba game da sauran abin da sarƙoƙin ke yi wa bangon jijiya, kuma duniya ta ga illar wannan giɓi a 2008. A farkon shekarar, majinyata a Amurka, da yawansu masu wankin ƙoda, suka riƙa faɗuwa mintuna kaɗan bayan allura, jininsu ya sauka warwas. Hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta samu rahoton mutuwar fiye da mutum 80 cikin 'yan watanni. Da aka bi sawu, sai aka tarar an gauraya ɗanyen hefarin da ya fito daga Sin da wani sinadarin guringuntsi mai araha da aka ɗura wa salfet fiye da kima. Jabun ya ci jarrabawar yunit, domin shi ma yana hana jini daskarewa a kwalbar gwaji. A cikin jiki kuwa yana tayar da biradikinin, sinadarin da ke umartar jijiyoyi su saki gaba ɗaya. Bayan wannan ne aka wajabta gwaje-gwajen da ke duba siffar sarƙar kanta, kuma a ganina duk takardar sayen hefarin da ba ta nemi shaidar irin wannan gwaji daga mai kawowa ba, ba ta cika ba.

Tushen maganin ma abin dubawa ne. Hanjin ɗaruruwan miliyoyin aladu ake buƙata duk shekara, fiye da rabin ɗanyen kayan kuma daga Sin yake fitowa. Da zazzaɓin aladu na Afirka ya shiga ƙasar a watan Agustan 2018 ya hallaka garkuna, sai da hankalin asibitocin duniya ya tashi. Ga Musulmi akwai ƙarin tambaya, wadda malaman fiƙihu na zamani suka duba ta fuskar larura da ta rikiɗar abu daga asalinsa, da yawansu suka sauƙaƙa inda babu madadin kuma rai na cikin haɗari. Akwai fondafarinus, wanda aka ƙera a masana'anta ba tare da dabba ba, aka amince da shi a 2001. 'Ya'yan nan biyar ne zalla. Sai dai yana da tsada, ba a bai wa wanda ƙodarsa ta gaza, kuma furotamin, makarin da ake kashe ƙarfin hefarin da shi bayan tiyatar zuciya, ba ya kama shi.

Saura na saniya. Da huhun shanu aka daɗe ana yin hefarin kafin fargabar cutar haukan shanu ta sa Amurka da Turai suka bar shi a shekarun 1990, kuma tun 2014 hukumar magungunan Amurka ke maganar dawo da shi. Birazil tana amfani da na hanjin shanu, amma jerin salfet ɗinsa ya bambanta da na alade, ƙarfinsa na hana guda ya gaza a kowane ma'auni, shi ya sa ta ware masa mizani na daban a kundin magungunanta. A Najeriya, inda ake yanka dubban shanu kowace safiya daga mahautar Karu zuwa ta Kano, hanjin a tukunyar farfesu yake ƙarewa, sinadarin hefarin kuwa daga waje ake shigo da shi.